Koyar da ƙwallon lambu: Sana'ar da matashin Agiye zai nema a tsallaken iyaka

Tun bayan da wasan golf, wanda ake kira ƙwallon lambu, ya koma cikin wasannin Olamfik a 2016 bayan ɓacewar da ya yi tun 1904, kuɗi da hankalin duniya suka ƙara karkata gare shi. A 2022 Saudiyya ta zuba dukiya a sabuwar gasar LIV Golf, ta janye wasu manyan 'yan wasan Amurka da Turai. Wasan da a da sai attajirai da manyan ma'aikata ke maganarsa, yanzu yana shigowa wayoyin matasa a Maraɗi da Kano, da na 'yan ci-rani a Jidda da Dubai.

Hakan ya sa tambayar ta cancanci a duba ta da idon basira: matashi daga Agiye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, zai iya mayar da koyar da wannan wasa hanyar cin abinci? Amsar ita ce zai iya, amma ƙofar shiga ba ta garinsu, kuma ba a intanet take ba.

Inda babu ƙasa

Hausawa na cewa inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. A waɗannan gundumomi uku babu filin golf ko ɗaya, kuma dalilin a fili yake. Cikakken fili mai ramuka 18 kan cinye kadada 50 zuwa 60, alhali wannan yanki na jihar Maraɗi yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a Nijar. Gonakin gero da gyaɗa da aya sai ƙara tsukewa suke yi duk lokacin da aka raba gado. Ga kuma ruwa: filin ciyawa na buƙatar ban-ruwa kullum har tsakiyar rani, a ƙasar da mata ke shafe sa'o'i a bakin rijiya.

Filin da aka fi sani a Nijar shi ne na Rio Bravo da ke wajen birnin Yamai, fiye da kilomita 700 daga Agiye. Ko shi ma na yashi ne, inda ɗan wasa kan yi yawo da guntun shimfiɗar roba yana ɗora ƙwallo a kai kafin ya buga. Irin wannan fili ya daɗe yana dogara da baƙi, wato ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa sun kammala ficewa a Disamban wannan shekara, aka rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024, sannan sojojin Amurka suka tattara nasu a Satumban 2024. Ko me mutum yake gani game da siyasar lamarin, ga mai son koyar da golf lissafin ɗaya ne: masu iya biyan kuɗin darasi sun ragu.

Hanyar kudu ta fi kusa

Ga ɗan Agiye, Kano ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Daga Maraɗi mota za ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, kuma hanya ce da kakanninsa suka saba bi da fatauci. An sake buɗe iyakar a Maris ɗin 2024 bayan rufewar da ta biyo bayan takunkumin ECOWAS, ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

A arewacin Najeriya wasan yana da tsohon tarihi. Filin Rayfield na Jos ya samo asali ne tun 1913, zamanin Turawan haƙar kuza. Na Kaduna ya biyo baya a 1921, kuma Kano da Zariya suna da nasu tun lokacin mulkin mallaka. A Abuja akwai filin IBB, wanda ke cikin mafi girma a ƙasar. Muhimmin bambanci da Yamai shi ne, yawancin masu wasa a waɗannan wurare 'yan ƙasa ne: manyan hafsoshin soja, 'yan kasuwa, ma'aikatan banki da 'yan siyasa. Da yawansu Hausa suke ji, don haka matashin da ya yi karatun Faransanci ba zai zama kurma a cikinsu ba, ko da yake dole ya koyi Turancin da ake amfani da shi wajen dokokin wasan da jarrabawa.

Daga dakon jaka ake farawa

A ƙasashen da ba su da makarantun wasan, kusan hanya ɗaya ce talaka ke bi: ya fara da ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna, aikin da ake kira kadi a filayen. Kadi yana tafe bayan maigidansa tsawon sa'o'i huɗu ko fiye, ɗauke da jaka mai sanduna har 14, wanda shi ne iyakar abin da doka ta amince. A nan yake koyon nisan da kowace sanda ke kai ƙwallo, da yadda iska ke karkatar da ita, da gangaren ƙasa kusa da rami. A nan kuma yake koyon abin da ya fi wuya, wato yadda ake gyara wa babban mutum kuskure ba tare da an ƙona masa rai ba. Malamin da bai iya wannan ba, ɗalibansa ba sa dawowa.

Tarihin wasan cike yake da waɗanda suka fito ta wannan ƙofa. Siddikur Rahman na Bangaladesh ya fara ne da tsintar ƙwallo a filin Kurmitola da ke Dhaka, ya zo ya lashe gasar Brunei Open a 2010, sannan ya riƙe tutar ƙasarsa a Olamfik na 2016. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji kuwa ya yi zaman koyarwa a wani ƙaramin kulob a tsibirin Borneo, kafin ya zo Legas ya lashe gasar Nigerian Open a 1988. Shi ne daga baya ya ci gasar Masters a 2000, ya kuma karɓe matsayin na ɗaya a duniya daga hannun Tiger Woods a 2004.

Sai dai waɗannan su ne 'yan ƙalilan da aka ji labarinsu. Mafi yawan masu dakon jaka a haka suke tsufa, ba albashi, sai abin da aka sallame su da shi bayan an tashi wasa. Ranar da babu baƙo, babu cefane.

Takardar da ake ganin ƙimarta

Mataki na gaba shi ne zama ƙwararre da ƙungiyar sana'ar ta amince da shi. A Birtaniya ƙungiyar PGA, wadda aka kafa a 1901, tana horar da masu neman shiga na tsawon shekara uku, suna aiki a ƙarƙashin wani ƙwararre suna kuma karatu. Ta Amurka, mai tarihi tun 1916, tana buƙatar mutum ya fara cin gwajin iya wasa a fili. Najeriya ma tana da tata ƙungiyar ƙwararrun, wadda ke tace masu son shiga ta hanyar gasar cancanta. Duk inda aka je, sai an ga bugun mutum da ido kafin a ba shi izinin koyarwa.

Wannan ne ya sa duk takardar shaidar da aka ce za a samu cikin 'yan kwanaki ta waya, bayan an tura kuɗi, ta zama cinikin biri a sama. Haka nan duk dillalin da ya yi wa matashi alkawarin aikin koyar da golf a ƙasashen Larabawa alhali bai taɓa riƙe sanda ba. Manyan filayen Dubai, inda aka buɗe filin ciyawa na farko a yankin a 1988, sun fi ɗaukar malamai masu rajista da sanannun ƙungiyoyin PGA. Wanda ya je babu wannan, abin da zai tarar shi ne aikin ban-ruwa ko yankan ciyawa. Aiki ne na halal, amma ba shi aka sayar da gona ko shanun gida don a je a yi ba.

Akwai kuma wata doka da ya kamata a sani tun da wuri. A ƙa'idar hukumomin wasan na duniya, wanda ya fara karɓar kuɗi don koyar da bugu yakan rasa matsayinsa na ɗan wasan sha'awa, sai a wasu keɓantattun yanayi. Ke nan matashin da ya yi gaggawar karɓar ladan darasi zai iya rufe wa kansa ƙofar gasannin da za su fito da sunansa.

Lissafin da ya rage

Ko an samu takardar, kuɗin shigar malamin golf ba daga darasi kaɗai yake fitowa ba. Yawanci yakan haɗa da sayar da ƙwallaye da safar hannu, da gyaran sanduna, da shirya wa kamfanoni gasa, da ɗan abin da ya samu idan ya yi nasara a wasa. Kayan duk daga waje ake shigo da su, don haka duk lokacin da naira ta faɗi, jarinsa ne ke raguwa. Guraben kuma kaɗan ne, domin kowane kulob malamai 'yan ƙalilan yake iya riƙewa.

Duk da haka, Nijar ta ga yadda wasan da ba a damu da shi ba ke iya ɗaga sunan ƙasa, lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci lambar azurfa a taekwondo a 2016. Bambancin shi ne taekwondo ɗaki da tabarma yake buƙata, golf kuwa fili da masu kuɗi.

Saboda haka matashin Agiye da abin ya shiga ransa yana da gwaji mai araha a gabansa. Idan an gama girbi ya tafi ci-rani kamar yadda aka saba, ya nemi dakon jaka a filin Kano ko Kaduna, ya yi rani guda yana kallo yana ƙirga yawan masu biyan kuɗin darasi da yawan malaman da ke jiransu. Kafin damina ta faɗi zai san ko ya ci gaba, ko ya koma gona da kuɗin motarsa a aljihu.