Ra'ayinmu: Mu tsuke bakin aljihu, amma kar mu ci uwar kuɗi

Duk wanda ke zaune a rumfa ko yake kasa kaya a faifai, tun daga Kasuwar Dole ta Damagaram har Katako ta birnin Yamai, ba sai an gaya masa ba: kuɗi sun yi nauyin shigowa, sun yi saurin fita. Mai saye ya taya kaya ya wuce, wanda ya saba auna tiya biyar ya koma biyu, wani kuma ya ce a rubuta masa sai ƙarshen wata. Magana guda ce a bakin kowa, wato a tsuke bakin aljihu. Mun yarda da haka. Amma ta ina za a fara tsukewar? Domin akwai ragin da ke ceton gida, akwai kuma ragin da ke rusa shi.

Wannan hali ba yau farau ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka tashi dare ɗaya. A 2005, bayan fari da farar dango na 2004, hatsi ya yi tsadar da ta gagari talaka, ga kuma harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da aka ɗora kan kayan masarufi, har jama'a suka fito zanga-zanga, kasuwanni suka rufe, sai a watan Afrilu gwamnati ta janye mafi yawansa. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba na 2020, ƴan kasuwar Maradi da Ƙwanni sun san abin da suka gani. A 2023 kuma, janye tallafin mai a Najeriya ya tada farashin ruwa-ruwa, sannan takunkumin CEDEAO ya zo, wanda ba a ɗage ba sai a watan Fabrairu na 2024, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, da tsadar hanya a kansu. Abin da muka lura a duk waɗannan lokuta shi ne, ƙaramin ɗan kasuwar da ya miƙe bayan wahala shi ne wanda ya fita da jarinsa a hannu, komai ƙanƙantarsa.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Yawancinmu lalita guda gare mu: cinikin yini, kuɗin cefane da kuɗin sarin gobe duk a ƙulli ɗaya suke. Mu ɗauki misalin mai ƙosai da ke juya jika 10, tana samun ribar jika ɗaya a yini. In tana zarar jika ɗaya da rabi kullum don hidimar gida, to dala 100 take gutsura daga uwar kuɗi kowace rana, ba tare da ta ji a jikinta ba. Ko kwana 20 ba za a cika ba sai ta iske babu kuɗin wake da mai, tun da jari na raguwa riba ma na raguwa. Daga nan sai sari bashi, a farashin da mai kaya ya ga dama. Shi ya sa shawararmu ta farko ita ce a raba ƙulli biyu. Da an tashi kasuwa, a fara ware kuɗin sarin gobe, abin da ya saura shi ne na gida. Wanda bai iya rubutu ba, ya sa ɗansa ɗan lakol ya riƙa rubuta masa shiga da fita a ɗan littafi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

In an ware jari, sai a dubi ƙananan ramukan da kuɗi ke zurarewa. Dala 20 ba komai ba ce a ido, amma dala 20 kullum jika 3 ce a wata, jika 36 da rabi a shekara. A nan da maza za mu fara. Magidancin da ke kashe dala 60 a yini tsakanin shayin fada, taba da goro, jika 9 yake ƙonawa a wata, alhali da safe ya gaya wa uwargida babu kuɗin miya. Ga kuɗin katin waya da ke tafiya wajen hira da kallon bidiyo, ga hawan kabu-kabu zuwa inda ƙafa za ta kai cikin minti goma. Ba mu ce a daina shan shayi ba, ba mu ce a jefar da waya ba, tun da ita ma kayan aiki ce ga mai sana'a. Mun ce a yanke wa kowane abu kasonsa tun farkon mako, in ya ƙare ya ƙare.

Sai babban rami, wato buki. Iyayenmu mata, ku yi mana haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Aure guda, anko kala biyu ko uku. Suna guda, hayar rumfa da kujeru, mai hoto, makaɗa da maroƙa. Ga gudummuwar buki da al'ada ta ce in an kawo miki sai kin mayar da ninki, har abin ya tashi daga taimako ya koma bashi mai hauhawa. Mata nawa ne suka kwashe kuɗin sari don kar a ce wance ta kasa? Ranar buki guda ce, amma rumfar da ta bushe sai ta yi wata shida ba ta farfaɗo ba. Mun san masu saida atamfa da leshi za su ce muna kashe musu kasuwa. Su duba littafinsu na bashi su gaya mana anko nawa aka ɗauka bara ba a gama biya ba har yau. Cinikin da kuɗinsa bai dawo ba asara ce da aka yi wa kwalliya. Mace guda ba za ta iya karya wannan al'ada ba, za a yi da ita. Amma in matan unguwa ko na layi guda a kasuwa suka zauna suka yanke cewa anko ɗaya ya isa, kuma gudummuwa a mayar da ita yadda aka kawo, babu mai jin kunya.

Akwai kuma wuraren da bai kamata wuƙar ragi ta taɓa ba. Na farko cimakar yara. Waɗanda suka ga cibiyoyin kula da yara masu tamowa a jahar Maradi a 2005 sun san inda ragin tukunya ke kai ƙaramin yaro. A canza abin da ake dafawa, kar a rage abin da yaro ke ci. In shinkafar waje ta gagara, ga hatsi, ga dawa, ga wake da ƙasarmu ke nomawa har ta saida wa maƙwabta, ga zogala da ƙuli-ƙuli. Na biyu lafiya. Zazzaɓin damina da aka tsaya jiƙa wa ƙwayar bakin hanya don gudun kuɗin likita, shi ne ke komawa kwanciya asibiti da ƙarin jini, ya cinye jarin gaba ɗaya, wani lokaci har da ran yaron. Tun 2006 aka ɗauki matakin duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, a 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati. A je da wuri, a nemi haƙƙinsa. Na uku lakol. Fitar da yarinya daga aji a ɗora mata faifan talla don dala 50 ko 100 na yini, cin irin shuka ne tun ruwa bai sauka ba.

Ragi na gaskiya yana cikin dubarar saye. Talaka ya fi kowa sayen tsada, domin ƙulli-ƙulli yake saye: sukari na dala biyar, mai na cokali, hatsi rabin tiya. In gidaje huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi buhu mai kilo 100, wajen tiya 40 ke nan, kowa ya ɗauki goma a farashin sari. Kowa kuma ya san hatsi da wake sun fi araha da kaka, sun fi tsada in bazara ta yi nisa zuwa tsakiyar damina. Mai ɗan hali ya saya da kaka ya aje. Wake ma ba ya gagarar ajiya tun da aka samu buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba in an ɗaure shi da kyau. A madafa kuma, murhu mai tattalin itace da rufe tukunya suna rage kuɗin makamashi kullum.

Game da bashi, a yi hattara ta fuska biyu. Bashin da za a ƙara sari da shi yana iya biyan kansa, wanda za a yi buki da shi kuwa jari ne zai biya. Mai rumfa ma ya sa wa bashin da yake bayarwa iyaka, ya rubuta, domin kunyar tambaya ta rufe shaguna da yawa. Ga mata, dubara tana gida: a jahar Maradi ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, inda mata ke zubi kowane mako a akwati guda suna ranta wa juna, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wadda ke cikin asusu ko adashe, in abu ya yi wuya ta nemi a rage zubi, kar ta fita.

Sai dai fa tsukewar talaka tana da iyaka, wanda ba shi da komai babu abin da zai rage. Don haka muna kira ga magabata da su tabbata hatsin rahusa na OPVN yana isa hannun mabukata a kan lokaci, ba ya ɓullowa a rumfar dillalai. A watan Yuli na 2024 an sauko da litar fetur zuwa sefa 499. Irin wannan sauƙi ya kamata a gan shi a kuɗin mota da na dakon kaya. Manyan ƴan kasuwa kuma su tuna cewa ɓoye kaya don jiran tsada yana kashe ƙananan da ke sari wurinsu, kuma ranar da waɗannan suka durƙushe babu mai kwashe kayan.

Mu kuwa, tun daren yau kowa ya zazzage lalitarsa ya raba ta biyu. A rage shayi, a rage anko, a bar wa yara tuwonsu da karatunsu, a bar wa rumfa jarinta. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya kawo mana sauƙi.