Fumfuna Mai Gadin Saiwa: A Sa Ta Aiki Tun Daga Wurin Reno

Mai lambu a Fakku, ko a wata fadama ta ƙasar Kebbe da Tambuwal, yakan wayi gari ya ga lemonsa ya soma yaushi alhali bai rasa ruwa ba. Ganye ya koma rawaya, ƙaro na tsattsafowa daga gindi, in an tona sai a tarar saiwa ta yi baƙi, ɓawonta na saluɓewa a hannu. Abin da yakan fara yi shi ne ƙara ruwa, wato ya ƙara wa cutar ƙarfi ke nan.

Babban mai laifi a lemo wata ƙwayar halitta ce mai kama da fumfuna, masana na kiranta Phytophthora. Irinta iyo yake yi a cikin ruwa har ya isa saiwa, don haka duk inda ruwa ya kwanta a gindin itace, an share mata hanya.

Amma ba kowace fumfuna ce abokiyar gaba ba. A cikin ƙasa akwai wata mai launin kore, Trichoderma, wadda ke farautar 'yan'uwanta. A 1932 wani masani, Richard Weindling, ya nuna yadda zarenta ke nannaɗe zaren fumfuna mai cuta ya kashe shi. A 1936 kuwa shi da H. S. Fawcett suka buga sakamakon gwajinsu a kan ƙananan dashen lemo a Kalifoniya ta Amurka. Yau an san tana fitar da sinadarai masu narkar da jikin abokiyar gaba, tana riganta cinye abinci, tana kuma mamaye saiwa ta hana baƙuwa wurin zama.

Ra'ayina shi ne mu karɓi wannan dabara, amma kada mu ɗauke ta tamkar maganin feshi. Halitta ce mai rai. Tana bukatar ruɓaɓɓen taki da danshi, kuma yawancin nau'o'inta sun fi walwala a zafin digiri 25 zuwa 30, mu kuwa bazararmu takan haura 40. Garin da aka shigo da shi daga ƙasar sanyi, ya yi makonni a rumfar kasuwa rana na dukansa, ƙila gawa ce mai saye zai kai gida. Kuma rigakafi ce: itacen da rabin saiwarsa ta riga ta ruɓe ba za ta tashe shi ba. Wurin aikinta shi ne wurin reno, a cuɗa ta da ƙasa da taki kafin iri ya shiga leda, a sake zubawa a rami ranar dashe.

Wani zai ce wannan ilmin Turai ne, ya fi ƙarfin mai garka. Ban yarda ba. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe daga fumfunar da aka tsinto a ƙasar Nijeriya, aka ɗora ta a kan ƙwayar dawa, manoma na watsa ta da hannu a gonar masara da gyaɗa don rage gubar aflatoksin. Me zai hana masananmu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su tace Trichoderma daga ƙasar fadamunmu, wadda ta saba da zafinmu tun asali?

Malaman aikin gona na sakandare ba sai sun jira wannan ba. A koya wa ɗalibai tara ƙasa a gindin dashe, a haƙa kwarin ban-ruwa nesa da shi yadda ruwa ba zai taɓa kututture ba, a kuma bar wurin aure sama da ƙasa sosai. In an samu garin na kirki, a raba leda 40 gida biyu, rabi da shi rabi babu, a jiƙa su daidai wa daida. Bayan wata 3 a tumɓuke, a wanke saiwar, ɗalibai su auna su rubuta abin da suka gani.