Wanda Ya Ba Ka Kyauta Ba Yaronka Ba Ne

Jama'a, yau sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Daren jiya wani abokina da muke mastas tare ya faɗo ɗakina nan Yelwa yana huci. Manhajar da yake tsara bayanan bincikensa da ita, duk inda ya rubuta ƙ ko ɗ, in ya fitar da fayil sai ta mayar masa da alamar tambaya. Ƙofar Ran ta koma "?ofar Ran". Sai ya nuna mini saƙon da zai tura wa masu manhajar da Turanci: abinku ba shi da amfani, kun raina Afirka, ku gyara kafin Litinin. Manhajar nan fa ko sisi bai biya ba.

Na ce, malam, wa kake ba wa umarni?

Wallahi wannan ɗabi'ar ta yi mana yawa. Muna zana taswira da QGIS, muna jera manazarta da Zotero, muna lissafi da R, muna rubutu da LibreOffice, duk kyauta, kuma lambobin da aka gina su da su a buɗe suke ga kowa. Da yawa cikin masu gyara irin waɗannan manhajojin 'yan sa-kai ne, sai sun taso daga aikin da ke ciyar da su suke zama da dare. Lokacin da matsalar Heartbleed ta fashe a 2014, sai aka gane OpenSSL, wadda tsaron ɗimbin shafukan intanet ya rataya a kanta, gudummawar da take samu a shekara wajen dala 2,000 ce kacal. A 2024 kuma aka gano an dasa ƙofar ɓoye cikin xz, wata ƙaramar manhaja da ke cikin kwamfutocin Linux. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ita, ya gaji, wasu suka yi ta matsa masa da ƙorafin ba ya sauri, har ya shigo da wani ya taya shi, ashe mugu ne. Irin saƙon abokina aka yi amfani da shi wajen karya mutumin.

To a yi shiru kenan? A'a. Shirun ma ya fi cutar da mu. Wanda ke zaune a Jamus bai taɓa ganin ƴ ba, ta ina zai san ta lalace in ba mu faɗa ba? Mu kuma da abu ya ƙi, sai mu ruga a saka mana kirak na manhajar kuɗi, mu bar matsalar ga na baya.

Ba sai ka iya rubuta lambobin kwamfuta ba, amma roƙo ma aiki ne. Ka fara dubawa ko wani ya riga ka kai kukan, in akwai ka ƙara bayaninka a ƙarƙashi. Ka faɗi wace siga ce a laftof ɗinka, Windows kake ko Linux, me ka danna bayan me, me ka sa ran gani, me ka gani. Ka haɗa da hoton allo da ɗan ƙaramin fayil mai ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, yadda mutum zai ga matsalar da idonsa cikin minti biyu. In sabon abu kake so a ƙara, ka bayyana aikin da kake son yi da inda ka maƙale, ka bar musu yadda za su gina shi. Buƙata ɗaya a saƙo ɗaya. Kuma in sun gyara suka ce ka gwada, don Allah ka dawo ka gwada. Nan ne muka fi faɗuwa, da mun kare kundi shi kenan, ba a ƙara jin ɗuriyarmu.

Suna da damar cewa a'a, ko su yi wata shida ba su waiwaye ka ba. In abin ya dame mu, lambobin a buɗe suke: a yi karo-karo a biya ɗaya daga cikin yaranmu masu karatun kwamfuta a ATBU ya rubuta gyaran ya tura musu.

Wani aikin ma namu ne tun asali. Mai duba kuskuren rubutu a LibreOffice da jerin kalmomi yake aiki, fassarar manhaja kuma mai jin harshen take buƙata. Common Voice na Mozilla murya kawai yake nema, ka karanta jimlolin Hausa da wayarka. Wa muke jira ya yi mana wannan, Bature?

Mun goge saƙon abokin nawa, mun sake rubuta shi layi tara, da fayil mai sunayen unguwanni biyar. Ya so ya bar "kafin Litinin", na ƙwace laftof ɗin.