Bindiga a ƙugu, hannu a kan babur: wa ake ruɗi?

Wata sabuwar huɗuba ta shigo gari. A tashoshin kabu-kabu da majalisun shan shayi na Maraɗi, ana jin masu cewa duk wanda zai hau babur ya nufi Gabi, Ɗan Isa ko ƙauyukan Gidan Rumji, to ya nemi ƙaramar bindiga ya soke a ƙugu. Wai ita ce guzurin zamani. Abin lura, galibin masu wannan huɗuba ba su taɓa kwana a ƙauyen iyaka ba. Cikin mota mai sanyi suke yawo, kuma ba ƴaƴansu ne za su bi shawarar ba.

Tsoron da ya haifi maganar gaskiya ne, babu mai musu. A shekarar 2019 dubban bayin Allah daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi gudun ƴan bindiga, kuma masifar ta biyo sawunsu: satar shanu, tare hanya, sace mutum a nemi kuɗin fansa. Falken da ke dawowa daga kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a da ƴan jikkunansa a aljihu yana da dalilin faɗuwar gaba. Sai dai tsoro daban, dabara daban.

A tambayi masu huɗubar: da wane hannu za a yi harbin? Hannun dama shi ke riƙe da totur da birkin gaba. Da zarar an sake shi, babur ya saki gudu, kuma a hanyar rairayi wannan faɗuwa ce. Mai goyon buhun gero, ko jarkokin mai, ko matarsa da jariri, kafin ya ɗage riga ya lalubo bindiga an gama da shi. Su kuwa waɗanda yake shirin tunkara ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Ayari suke yi, biyu ko uku a kan kowane babur, da kalashinko mai cin harsashi talatin, kuma su suka zaɓi wurin da za su laɓe. Ɓarawon da ya tare mutum ya tarar da kuɗi kaɗai yana iya ƙwacewa ya sake shi. Wanda ya tarar da bindiga, cewa zai yi ya kama ɗan sa-kai ko ɗan leƙen asirin soja. An tafi neman gira an rasa ido, bindigar kuma ta ƙaru a rumbun ɓarayi.

Wanda ke ganin wannan zance ne na matsorata ya tuna da Adab-dab. A farkon watan Nuwamba na 2021 magajin garin Banibangu ya fita da ƴan sa-kai bisa babura, ɗauke da makamai, aka yi musu kwanton ɓauna. Gwamnati ta ce mutum 69 suka rasu, har da shi. Idan taron maza masu shiri bai tsira ba, ina ga ɗan kabu-kabu shi kaɗai da ƴar bindigar da bai taɓa gwadawa ba?

Akwai kuma shingen jami'an tsaro. A idon sojan da ya kwana a daji, mutum bisa babur da bindiga ɓoye cikin riga siffar maƙiyi ce cif. Ko an yi sa'a ba a harba ba, doka na jira: riƙe bindiga ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai kai mutum gidan kaso. Izinin kuwa ba a tashar kabu-kabu ake rabonsa ba. Kowa ya san irin masu rigar da takardarsu ke saurin fitowa. Ashe talaka ne zai sayi bindigar fasa-ƙwauri, kuɗinsa su faɗa aljihun dillalan da ke sayar wa ɓarayin, sannan shi ne zai kwana hannun jandarmomi.

Kuma bindiga ba ta san ɓarawo ba. Ta san mai riƙe da ita da zafin zuciyarsa. Gardama kan kuɗin goyo, karo a mararraba, shanu sun shiga gona lokacin kaka: abin da ke ƙarewa gaban mai gari zai koma ƙarewa a maƙabarta. Ƙasar da ta ga Toda a 1991, inda aka hallaka mutum fiye da ɗari kan rikicin manoma da makiyaya, ba ta buƙatar wani ya karanta mata wannan darasi. Ita ce ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai a 1994, ta kuma ƙona bindigogi a Agadas a watan Satumba na 2000. Rushewar Libiya a 2011 ta sake malalo wasu. Yanzu kuma a ce kowa ya ƙara da tasa?

To amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mahukunta ne suka bar gurbin da wannan huɗuba ta tsiro. Da aka rasa dabara a Difa a 2015, hana hawan babur aka yi; haka aka maimaita a yankin Tilaberi a 2020. An bar jaki ana dukan taiki: mai naƙuda ta rasa abin kai ta asibiti, matasa sun rasa sana'a, masu kashe mutane kuwa ba su taɓa neman izinin kowa ba kafin su hau nasu. Mutumin da ke biyan haraji da kuɗin tasha bai roƙi alfarma ba idan ya nemi sintiri a hanyar Madarumfa ranakun kasuwa, da rakiyar jami'ai ga ayarin fatake, da jami'in da zai ɗaga waya idan mai gari ya kira da tsakar dare, da alƙalin da ba zai saki dillalin makamai bayan kwana uku ba. Wakilan jama'ar Madarumfa da Gidan Rumji, da sarakunansu, su kai wannan buƙata gaban gwamnan jiha a rubuce, su kuma nemi amsa a rubuce, da ranar da za a fara.