A tara kuɗin sa ido kan asibitoci a asusu ɗaya

Kwanan baya wata mai sayar da ƙuli-ƙuli daga Bande ta kira ni a shirina na rediyo, ta ce ta kai ɗanta asibiti, aka ce magani ya ƙare, sai da ta taɓa jarinta ta saya a waje. Ta tambaye ni wa ke zuwa ya duba aikin asibitocin nan.

Masu duba aiki suna nan, amma sai da mota, da mai, da guzuri kafin su fita ƙauyuka. Kuɗin kuwa a warwatse suke: shirin rigakafi da nasa, na zazzaɓin cizon sauro da nasa, na tamowa da nasa. Kowane ya zo sai ya duba ɓangarensa ya tafi. A ganina gwamnati ta tara kuɗin nan a asusu ɗaya, domin duk wanda ya fito ya duba komai: ma'ajiyar magani, tsabta, awo, da yadda ake tarbar mara lafiya.

Abin ba baƙo ba ne. A 2006 Nijar ta kafa asusun bai-ɗaya na kiwon lafiya, inda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka fara zubi. Ku mata kun san adashi: zubi wuri ɗaya ya fi sauƙin lissafi. Sakaci kuwa yana da tsada. A 2015 hukumar lafiya ta duniya ta yi gargaɗi kan jabun allurar rigakafin sanƙarau a ƙasar nan.

Amma akwai abin tsoro. A 2006 ɗin ne aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duba su kyauta, gwamnati ta biya asibitoci daga baya. Biyan ya riƙa jinkiri, bashi ya taru, magani ya yi ƙaranci. Idan asusun zai maƙale a Yamai haka, gara ma a bar shi.

Saboda haka a ware kason gundumomin Magarya da Dungas, ya iso kan lokaci. Kwamitin kula da asibiti kuma ya karanta wa jama'a lissafi kowane wata uku, da Hausa. Ƴan kasuwa, ku tura wakilanku cikin kwamitin, ku tambayi rana ta ƙarshe da aka zo duba asibitinku. Allah ya ba mu lafiya.