Sabuwar Dokar Kifi: Kada a Manta da Masuntan Kogi

An daɗe ana maganar sabunta dokokin kamun kifi na ƙasar nan, domin gwamnati ta ƙara tallafa wa masu wannan sana'a. Muna goyon baya. Dokokin biyu, ta kifin teku mai lamba 71 da ta kifin koguna da tafkuna mai lamba 108, sojoji ne suka kafa su tun 1992. Yawancin abin da ke cikinsu lasisi ne da hani da tara. Ba a yi su don taimakon talaka ba.

Gwamnati da bakinta ta ce muna bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da muke samarwa bai kai rabin haka ba. Shi ya sa kifin ƙanƙara daga waje ya cika kasuwanninmu, kuma duk ranar da Naira ta faɗi, uwargida ce ke fara ji a tukunyar miya.

Tsoronmu ɗaya ne. Tun da aka kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, aka kuma mayar da sashen kifi ƙarƙashinta, hankali zai iya karkata ga manyan jiragen Ikko. Alhali mafi yawan kifin gida ƙananan masunta ne ke kama shi, masu kwale-kwale da taru, irin na Numan da Ibi da Yawuri da Baga. Mutumin Baga ma nasa ya fi zafi: Tafkin Chadi ya janye tun farin shekarun 1970 da 1980, sannan rikicin Boko Haram ya zo ya kassara kasuwar banda da ta ciyar da garuruwa har kudu.

Saboda haka muna roƙon 'yan majalisa su rubuta sunan waɗannan mutane cikin dokar ƙarara. A ba su rance mai sauƙi ta hannun ƙungiyoyinsu, ba ta hannun 'yan kwangila ba. Mun ga yadda takin zamani ke ɓacewa a hanya. A gina wa mata masu banda murhu na zamani. A sauƙaƙa kuɗin abincin tarwaɗa, wanda ke cinye fiye da rabin jarin mai kiwo. Cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa kuwa a ba ta kuɗin aiki.

Ku kuma 'yan'uwa masunta, ku daina zuba guba a ruwa da jan taru mai ƙananan ido. Shugabannin ƙungiyoyinku su rubuta wa wakilanku a Abuja tun kafin a kammala daftarin.