Sai Nasara ya yaba kafin a ga Yama?

Matafiyin da ya bar Tsarnawa ya kama hanyar Tawa ba ya nesa da ɗaya daga cikin gine-ginen Nijar da suka fi suna a duniya, wato masallacin Juma'a na Yama, cikin gundumar Illela. Amma cikin ma'aikatan da ke zirga-zirga bisa hanyar nan a motocin gwamnati, nawa suka taɓa ratsewa su gan shi?

Falke Barmu, manomi kuma magini, shi ya aza harsashinsa a 1962. Mutanen gari suka kawo ruwa da ƙasa da itace, kowa gwargwadon ƙarfinsa. A 1975 ya sake rufin da bakuna da tulluwa, daga baya ya ta da hasumiya huɗu, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan. Sai a lokacin laka ta zama fasaha a bakin manya.

Masu jawabi suna son cewa fasaha ta kowa ce, ba ta san iyakar ƙasa ba. Madalla. A 1989 an yi baje kolin Magiciens de la terre a Paris, aka haɗa masu fasaha wajen ɗari, rabinsu daga ƙasashen da ba na Turawa ba. To, wa ya zaɓe su? Paris. Kowane ɗan kasuwar Ƙonni ya san cinikin da mai saye ke riƙe da mudu, shi ke kuma yanke farashi, sunansa ƙwace.

Laifin bai tsaya ga Nasara ba. Alhajin da ciniki ya yi wa kyau, abin da yake fara yi shi ne rushe soron ubansa, ya ta da siminti da kwano, sa'an nan ya kwana waje cikin watan Afrilu saboda zafi. Ba wanda ya ce a rufe masana'antar siminti ta Malbaza. Gada ba ta ginuwa da laka. Amma ajin makaranta fa?

Dandaji ta ba da amsa a 2018. Mariam Issufu Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo mai cin mutum 1,000 da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Maginan gargajiya suka yi aikin tare da su, kowa ya koya wa wani. Nan ma kyaututtukan daga waje suka zo.

Ma'aikatan da ke rubuta sharuɗɗan kwangila su faɗa wa jama'a dalilin da ya sa maginin Illela, wanda duniya ta shaida aikin magabatansa, yake ƙarewa lebura mai kwaɓa siminti a ginin makarantar ƙauyensu.